Hayaƙin janareta da ƙirjin yaranmu

Jama'ar Kano, akwai wata gurɓatacciyar iska da ya kamata mu sani, ana kiranta naitirojin oksayid. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, ba ta cutar da kowa. Amma idan wuta ta yi zafi ƙwarai, a cikin injin mota ko janareta ko tukunyar tashar lantarki, sai naitirojin ɗin ta haɗe da oksijin, wannan gubar ta fito. Ita ce ke sa ƙaiƙayi a maƙogwaro, ta kumbura hanyoyin numfashi, ta tayar wa mai asma ciwonsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin shekara da ta amince da shi na wani nau'in wannan guba, wato naitirojin dayoksayid, daga maikirogiram 40 zuwa 10 a kowace mita kubik ta iska, don an gano ko kaɗan ɗin ma yana illa.

Tashoshin lantarki masu ƙona kwal suna cikin manyan masu fitar da ita. Tamu ta Oji River a jihar Enugu ta daɗe da daina aiki, wutarmu daga gas take zuwa da madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro, amma Nijar tana da ta Sonichar a yankin Agadez. A Sin da Jamus da Amurka doka ta tilasta wa irin waɗannan tashoshi gyara. Da farko a riƙa ba wutar iska kaɗan-kaɗan don kada harshenta ya yi zafi fiye da kima. Sannan a fesa wa hayaƙin amoniya ko yuriya, wato wannan dai ta takin zamani da manomanmu suka sani, a bi da shi ta cikin wasu faranti masu sinadari, sai gubar ta rikiɗe ta koma naitirojin da tururin ruwa. Wannan dabara kan rage kashi 80 zuwa 90 cikin 100.

To mu fa? Su bututun hayaƙinsu ya yi sama can, namu kuwa yana bakin shago, daidai hancin yaro. Ka shiga Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari da rana idan an ɗauke wuta, ko ka tsaya a cunkoson adaidaita sahu, ko ka bi ta Sharada da Bompai inda manyan injinan dizal ke ruri. Dizal ya fi fetur fitar da wannan iska. Idan hunturu ya shigo da ƙurarsa kuma, sai tari ya yi yawa a asibitocinmu, musamman ga yara da tsofaffi.

Malam mai shago, fitar da janaretanka waje, bakin salansa ya juya wa ƙofa da taga baya. Kada a kunna shi a soro ko ƙarƙashin bene, balle a ɗaki. Can ma wata gubar ce daban, kabon monoksayid, mai kashe mutane suna barci. A riƙa kai inji wajen makanike a kan lokaci. Direba, in za ka daɗe a tsaye, kashe motar. 'Yan layi ɗaya a kasuwa su haɗa kuɗi su sa sola idan da hali, ko da fitila da fanka kawai za ta ɗauka.

Uwa kuma, idan numfashin yaronki yana fita da ƙara kamar fito, ko tari yana hana shi barci, kai shi asibiti, ki kuma gaya wa ma'aikacin lafiya inda janaretan gidanku yake.