Me ake nufi da jiragen rakiya a yaƙin sama?

A wurinmu ɗan rakiya shi ne wanda ya taka wa baƙo zuwa bakin hanya ya juyo gida. A yaƙin sama kalmar ta fi haka nauyi. Jiragen rakiya ƙananan jiragen yaƙi ne masu sauri, galibi matuƙi ɗaya a ciki, da ke bin manyan jirage masu dakon bama-bamai don su tare musu jiragen abokan gaba.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, hafsoshinta sun ɗauka manyan jiragen za su iya kare kansu. B-17, ɗaya daga cikin manyan jiragen, mutum goma ke cikinsa, ga bindigogi gaba da baya, sama da ƙasa, sai suka ce in an jera su ayari guda kowa zai tsare ɗan'uwansa. Ranar 14 ga Oktoba 1943 ta rushe wannan lissafi. Jirage 291 suka tashi daga Ingila zuwa Schweinfurt, garin da Jamus ke ƙera boris. 'Yan rakiyarsu, jiragen P-47, sun kai su wajen iyakar Jamus, mai ya yi ƙasa, suka juya. Jamusawa dama abin da suke jira ke nan. Jirage 60 ba su dawo ba, wato kusan mutum 600 a yini ɗaya, wasu sun mutu, wasu an kama su.

Matsalar duk ta mai ce. Aka riƙa maƙala wa ƙananan jiragen ƙarin tanki a ƙarƙashin fiffike, da faɗa ya tashi matuƙi ya sake shi ya faɗi. Sannan sabon jirgin rakiya P-51 Mustang ya zo da injin da ake kira Merlin, a watan Maris 1944 yana raka ayari har Berlin ya dawo.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne matakin Janar Jimmy Doolittle, kwamandan rundunar manyan jiragen Amurka da ke Ingila, a farkon 1944. Ya ce 'yan rakiya su daina liƙewa a jikin ayari, su yi gaba su farauci jiragen Jamus tun kafin su haɗu, har a filayen tashinsu. Mutanen manyan jiragen sun ji haushi, gani suke an yi watsi da su. Amma cikin 'yan watanni Jamus ta rasa ƙwararrun matuƙanta da yawa.

Cikin masu wannan aiki akwai matuƙa baƙaƙen fata 'yan Amurka da aka horar a garin Tuskegee, da ke tashi daga Italiya, wutsiyar jiragensu an shafe ta da jan fenti.