Ba duk abin da ke iyo a teku ne kifi ba

Duk wanda ka nuna wa hoton fofos a Kaduna, ko masunci ne a bakin kogi ko ɗan makaranta a Tudun Wada, zai ce maka wani ƙaton kifi ne. Ba laifinsa ba ne, siffar ce ta ruɗe shi. Amma fofos, ɗan uwan dolfin da ke zaune a tekunan arewa masu sanyi, dabba ce mai shayarwa, kamar ayun da ake samu a kogin Binuwai.

Huhu gare shi. Dole ya riƙa tasowa yana shaƙar iska ta wata kafa da ke saman kansa. Macen takan ɗauki ciki wata 10 zuwa 11, ta haifi ɗa guda, ta ba shi nono. Ko wutsiyarsa sama da ƙasa take kaɗawa, ta kifi kuwa gefe da gefe.

Wannan huhun shi ne ajalinsa. Idan ragar masunta ta sarƙe shi a ƙarƙashin ruwa, ba ya iya tasowa, cikin 'yan mintoci sai ya nutse ya mutu. Dabbar ruwa ta mutu da ruwa, abin mamaki! A tsakiyar Tekun Baltik da ke arewacin Turai, masu bincike sun dasa na'urorin sauraron ƙarar da yake fitarwa, suka ƙiyasta saura kusan 500 kacal. Shi ya sa a wasu wurare ake maƙala wa raga 'yar na'ura mai ƙara, don ta kore shi tun daga nesa.