Danne garkuwar jiki: me ake nufi da shi idan yaron da aka yi wa dashen zuciya ya kamu da korona?

Garkuwar jiki ita ce fararen ƙwayoyin jini da sinadaran da suke fitarwa, waɗanda aikinsu shi ne gane baƙon abu a jiki su far masa. Sai dai ba su bambance ƙwayar cuta da zuciyar da aka dasa wa yaro domin ceton ransa. A wurinsu duk baƙi ne. Idan aka bar su da cikakken ƙarfinsu za su lalata sabuwar zuciyar, abin da likitoci ke kira ƙin dashe. Saboda haka ake ba yaron magani safe da dare, har iyakar rayuwarsa, domin a rage musu kaifi. Wannan ragewar da ake yi da gangan ita ce danne garkuwar jiki.

Tun ranar farko aka san tsadar wannan mataki. A ranar 3 ga Disamba 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko tsakanin mutum da mutum a Afirka ta Kudu. Majinyacin ya yi kwana 18 ya rasu, alhali zuciyar na aikinta. Ciwon huhu ne ya kama shi bayan magunguna sun karya masa garkuwa. Sai da maganin danne garkuwa mai suna saikulosforin ya shigo a farkon shekarun 1980 sannan dashe ya zama abin da ake sa ran a daɗe da shi. A yau yawancin yara suna shan magungunan danne garkuwa takrolimus haɗe da maikofenolet, wasu kuma har da firednisolon. Awon abin ke da wuya: in maganin ya yi kaɗan jiki ya ƙi zuciyar, in ya yi yawa cututtuka su sami ƙofa, ƙoda kuma ta jigata.

To, a cikin wannan hali korona ke samun yaron. Rahotannin da cibiyoyin dashe suka tara tun 2020 sun nuna yawancin irin waɗannan yara ba sa galabaita kamar manyan da aka yi wa dashe, da yawa ma a gida suke warkewa. Duk da haka ana lissafa su cikin masu haɗarin tsananin cutar, musamman waɗanda ba su daɗe da tiyata ba ko waɗanda aka ƙara wa magani kwanan nan saboda ƙin dashe. Ƙwayar cutar kuma takan daɗe a jikinsu fiye da sauran yara.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda alamu ke ruɗarwa. Yaron da ke shan firednisolon zai iya kamuwa da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Kasala, ƙin cin abinci, amai, ciwon ciki da saurin numfashi duk alamun korona ne, kuma su ne dai alamun ƙin dashe a ƙananan yara. Ga shi an yanke jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin zuciya da ƙwaƙwalwa lokacin tiyata, don haka zuciyar tana iya shan wahala yaron bai ji ciwon ƙirji ba. Shi ya sa ko gwaji ya nuna korona, likita zai so ya ga hoton zuciya da awon jini kafin hankalinsa ya kwanta.

Wajen magani, tambaya ta farko ita ce ko za a sassauta dannewar. In cutar ba ta yi tsanani ba, galibi a bar komai yadda yake. In ta yi tsanani, ko fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa sosai, maikofenolet ake fara ragewa ko a dakatar da shi na ɗan lokaci, a bar takrolimus yana gadin zuciya. Wannan hukunci na likitocin dashe ne kaɗai. Uwa ko uba da tausayi ya sa suka tsayar da maganin don wai jikin yaro ya sami ƙarfin faɗa da cuta, sun jefa zuciyar cikin haɗarin da ya fi korona muni, domin ɓarnar ƙin dashe ba kullum take gyaruwa ba.

Sai maganin kashe kaifin ƙwayar cutar. Wanda aka fi dogara da shi a nan shi ne remdesibir, da ake bayarwa ta jijiya. Ga wanda ba a kwantar ba, kwana 3 a jere ake yi, a fara cikin kwana 7 da bayyanar alamu. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a ba jarirai shi tun daga kwana 28 da haihuwa, in nauyinsu ya kai kilo 3. Ba ya dagula awon takrolimus sosai, sai dai a riƙa duba hanta.

Paxlovid kuwa, wanda ake sha ta baki, nan ne ake bukatar taka tsantsan ƙwarai. A 2021 hukumar ta Amurka ta ba da izinin a ba masu shekara 12 zuwa sama da nauyinsu ya kai kilo 40. A cikinsa akwai ritonabir, wanda ke toshe sinadarin hanta da ke narkar da takrolimus. Sai takrolimus ya taru a jini ninki-ba-ninki cikin 'yan kwanaki, ƙoda ta tsaya, karkarwa ko jijjiga ta biyo baya. Likitan da bai san tarihin yaron ba zai iya rubuta shi da kyakkyawar niyya, don haka wajibi ne a faɗa wa duk wanda zai duba yaron sunayen magungunansa kafin ya ɗauki alƙalami. Molnufirabir, wani maganin korona da ake sha ta baki, ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba, saboda fargabar taɓa girman ƙashi da guringuntsi. Deksametason kuma, maganin rage kumburi, sai an kai ga bukatar iskar oksijin.

Ƙananan abubuwa ma suna iya karkatar da awon. Gudawa, wadda korona ke yawan kawo wa yara, tana ɗaga takrolimus a jini, ga ƙarancin ruwa yana ƙara wa ƙoda nauyi. Don zazzaɓi farasitamol ake bayarwa, a guji ibufurofen. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su kilaritromaisin shi ma yana ɗaga takrolimus.

Allurar rigakafin korona ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, saboda haka ana yi wa waɗannan yara, saɓanin ta ƙyanda da galibi ake kauce mata bayan dashe. Amma garkuwar da aka danne ba ta amsa allura da ƙarfi, musamman ga masu shan maikofenolet, shi ya sa ake ƙara musu zagaye fiye da sauran yara, ake kuma so iyaye da 'yan uwan da ke kwana gida ɗaya da yaron su ma su yi tasu.