Kafin ka ɗaure jakar Makka, ƙirga maganinka

Duk shekara idan jigilar dawo da alhazai ta kankama, mu da ke ɗakin duba masu hawan jini da ciwon zuciya mun san abin da ke tafe. Za a shigo mana da dattijo an rirriƙe shi, sabuwar hula a kansa, ƙamshin turaren Makka bai ma bar rigarsa ba, yana haki kamar wanda ya yi tsere. Tambaya ɗaya nake fara yi: "Baba, yaushe rabonka da maganinka?" Sai ya sunkuyar da kai. "Ai 'yata, tun muna Mina ya ƙare."

Tun Mina! Sati uku ke nan, wani ma ya fi, zuciya na ta aiki babu mataimaki.

Magani yana iya ƙare wa kowa. Jirgi yana jinkiri, jaka tana ɓata, kwali yana jiƙewa. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne shirun da kuke yi bayan ya ƙare. "Bari dai in koma gida." "Ai kwana kaɗan ya rage." "Ban ji komai a jikina ba." Wallahi na gaji da jin waɗannan kalmomi uku, don na san inda suke kai mutum.

Kwanan baya aka kawo min wata Hajiya da ta dawo daga Umara. Na danna babban yatsana a ƙaurinta, na ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Takalmin da ta tafi da shi ya ƙi shiga, silifa ɗin jikanta ta sa. 'Yarta ta ce kwana uku ke nan a zaune take barci, an tara mata filo, da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe. Da na tambayi magani sai ta kwance bakin mayafi ta miƙo min ledar da babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Na hawan jinin ya ƙare a Madina. Na fitsarin kuwa, furosemide, wanda kuka fi sani da Lasix, tun a filin jirgin Kano ta ajiye shi da gangan, wai yana karya mata alwala, ga layin banɗaki. Ta ce, "Ai ruwan zamzam nake sha, kuma ina Ɗakin Allah."

Na riƙe hannunta na ce, Hajiya, zamzam albarka ne, babu mai musu. To ki haɗiyi ƙwayarki da shi mana. Wanda ya ce a dogara ga Allah ai shi ya ce a fara ɗaure raƙumi. Kwana shida ta yi a gadon asibiti, 'yan barka da sauka suka koma 'yan dubiya.

Iyayena, ku saurare ni da kyau. Akwai magungunan da yanke su lokaci guda ya fi haɗari. Atenolol da bisoprolol, wanda ake sayarwa da sunan Concor, kamar birki suke ga zuciya. Ka cire birki kwatsam, zuciya ta zabura, ƙirji ya ɗaure, wani daga nan sai bugun zuciya. Wanda aka sa wa ɗan ƙarfen nan mai buɗe jijiyar zuciya, idan ya bar clopidogrel, jini na iya daskarewa a cikin ƙarfen. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, shi ma haka, tsallake kwanaki na iya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini kuma ba ya sallama. Kana iya jin kanka garau da Asuba, kafin La'asar baki ya karkace.

A wane lokaci kuma kuke ajiye maganin? A daidai lokacin da zuciya ke aikin da ba ta taɓa yi ba. Safa da Marwa kaɗai tafiyar kusan kilomita 3 ce, ban da ɗawafi, ban da takawa zuwa wurin jifa cikin cunkoso, ga rashin barci. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu. Mai lafiya ma ya sha da ƙyar, balle mai zuciyar da ake lallaɓawa.

Abin da ya fi ba ni takaici, taimakon yana nan kusa da ku. Hukumar Alhazai ta Ƙasa tana tafiya da likitoci da ma'aikatan jinya, tana buɗe asibitocinta a Makka da Madina, da Hausa za ku yi magana. Asibitocin gwamnatin Saudiyya suna duba alhazai kyauta lokacin Hajji. Shagunan magani kuwa, irin su Nahdi, ga su nan a kewayen Harami. Mutum zai taka kasuwa sau goma neman darduma da dabino da agogon jikoki, amma ba zai shiga kanti ɗaya ya ce maganina ya ƙare ba. Haba Alhaji!

Wanda ma ya daure ya shiga, sai a tambaye shi sunan maganin ya ce "ɗan farin nan ƙarami, da mai ruwan ɗorawa." Shekara takwas kana shan abu ba ka san sunansa ba? Farin ƙwaya ya fi ɗari a kanti. Daga nan sai a koma ga abokin ɗaki: "Ɗan ara min naka, ai duk na hawan jini ne." Ba duk ɗaya ba ne. Nasa na iya faɗar da jininka ka yanke jiki a tsakiyar ɗawafi, ko ya taɓa maka ƙoda.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Alƙahira da Sin, da ku ma nake. Tafiyar sati ɗaya ce, sai kaya su maƙale ta koma sati uku, maganin kuwa na kwana bakwai cif aka ɗauka.

Ga abin da nake roƙonku, a gurguje:

- Ku ga likitanku tun da sauran wata guda ko fiye, ku faɗa masa kwana nawa za ku yi.
- Ku ɗauki maganin da zai ishe ku, ku ƙara na aƙalla sati biyu a kai.
- A jakar hannu, cikin kwalinsa na asali. Ban da zazzagewa a leda, ban da babbar jakar da ake aunawa.
- Likita ya rubuta muku ainihin sunan kowane magani da ƙarfinsa da harufan Turanci. Ku ɗauki hoton takardar da na kwalayen a waya.
- Mai maganin fitsari ya tambayi likita lokacin da ya fi dacewa ya sha a ranakun tafiya da na zafi. Kada ya yanke wa kansa hukunci.
- Da kun ga saura na kwana biyar, ku nemi asibitin alhazai a ranar.
- Ciwon ƙirji, haki a zaune, kumburin ƙafa, karkacewar baki ko mutuwar hannu: a kira motar asibiti nan take, lambarta a Saudiyya 997.

Ku kuma 'ya'ya masu biya wa iyaye kujera, Allah Ya saka muku da alheri. Amma kun kashe miliyoyi, kun ɗinka kaya, kun shirya walima, ba wanda ya buɗe ledar maganin Baba ya ƙirga. Ku zauna da shi a daren da ake haɗa kaya, ku ƙirga ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. In kun kira shi a waya daga gida, bayan "ya ibada?" ku ce "Baba, saura ƙwaya nawa?" Kada ku karɓi "akwai" a matsayin amsa, ku ce ya faɗi adadi.

Wanda bai gane lissafin ba ya kwaso kwalayen duka ya zo ranar asibitinsa, mu zauna mu ƙirga tare. Minti goma ya ishe mu.