Tsari a harkar shugabanci: tambayoyin da 'yan kasuwa da masu ƙungiya suke yawan jefo min

Na ɗan jima ina riƙe wa mutane littafin lissafi, a wani shago na fara a Kantin Kwari, daga baya kuma aka saka ni a kwamitin wata makarantar unguwarmu, shi ya sa duk majalisar da aka ɗauko zancen tafiyar da kamfani ko ƙungiya sai an juyo kaina. Ga waɗanda suka fi maimaituwa da abin da nake ce musu.

Tambaya: Malam, wai shi tsarin nan da ake ta faɗa mene ne takamaimai?

Amsa: Ka zauna tun lokaci bai ƙure ba ka yanke ina za a je, ta wace hanya, da nawa, wa zai yi me, kuma yaushe za a dawo a duba ko an kai. In guda ɗaya ya ɓace a ciki to buri kake da shi kawai. "Bana in sha Allah za mu faɗaɗa" buri ne. "Kafin watan Rajab za mu kama shago na biyu a Ƙofar Wambai, kuɗin haya daga ribar babbar sallah zai fito, wane ne zai nemo wurin, duk Juma'ar ƙarshen wata zai kawo bayani", to wannan shi ne tsari.

Ɗaliban da suke karanta harkar a Bayero sun san wani Bafaranshe, Henri Fayol, injiniya ne da ya daɗe yana shugabantar wani kamfanin haƙar ma'adinai, a 1916 ya kasa aikin shugaba gida 5: hangen gaba da tsarawa, shirya mutane da kayan aiki, ba da umarni, haɗa kan sassa, sai sa ido. Tsarawa ya sa a farko kuma yana da gaskiya, don sa ido a kan me za ka yi in ba ka faɗi inda za a je ba? In ba ka ce buhu 200 za a sayar ba, ranar da yaro ya ce an sayar da 120 ba ka san ko barka za ka yi masa ko faɗa ba.

Tambaya: Mu fa a Kano kasuwanci gadonsa muka yi, iyayenmu ba su je jami'a ba kuma sun tara dukiya, me boko zai koya mana?

Amsa: Alhaji ai ban ce ba su da tsari ba, suna da shi har ya fi na wasu masu digiri. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka buɗe hanyar fitar da gyaɗa, irin su Alhassan Ɗantata da suka saba fataucin goro suka hango inda kasuwa ta dosa suka juya jarinsu, ai wannan hangen nesa ne tsantsa. Matsalarmu ɗaya ce, tsarin a kan maigida yake zaune shi kaɗai, ba a takarda ba, ba a kan yaransa ba.

Maigidana na farko, Allah ya jiƙansa, ya san komai da ka, ya san kalar atamfar da za ta tafi a ƙaramar sallah da wadda za ta yi kwantai, ya san kwastomansa na Maraɗi da Damagaram da na Chadi, wa za a ba bashi wa ba za a ba ba, wane wata ake matse hannu wane wata ake saki. Rana ɗaya aka wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya ɗauke. Ni da babban ɗansa muka zauna a bayan shago bayan la'asar da wata baƙar leda cike da guntayen takardu da aka kwaso daga aljihunan rigunansa, muna ɗauka ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko wani rasit a bayansa ya rubuta da ajami "na Damagaram, saura 4". Huɗu me? Dila 4? Miliyan 4? Shi ke binmu ko mu ke binsa? Kuma wanne daga cikin mutanen Damagaram, don sun kai biyar masu zuwa wajensa. Muka shiga wajen Alhaji muka nuna masa takardar, ya kalle ta ya kalle mu, hawaye kawai yake. Masu tsoron Allah sun kawo abin da ake binsu, sauran kuma har yau shiru, shagon da yake ɗaukar yara 8 kafin shekara biyu ya koma mutum biyu suna gyangyaɗi a ciki. Ba jari ne ya gudu ba da farko, ilimin tafiyar da jarin ne ya kwanta a gadon asibiti tare da mai shi.

Tambaya: To amma yawan lissafin gobe bai taɓa tawakkali ba? Ai arziki na Allah ne.

Amsa: Na Allah ne babu ja. Amma duba Suratu Yusuf, da sarki ya yi mafarki Annabi Yusuf (AS) bai tsaya a fassara ba, tsarin shekara 14 ya shimfiɗa musu, a yi noma shekara 7 a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai ɗan kaɗan da za a ci, don shekara 7 masu tsanani suna tafe. Har dabarar ajiyar ya faɗa, kuma duk manomin da ya taɓa zuba damin gero a rumbu ya san wanda ba a sussuka ba ya fi jure ƙwari.

Hijira fa? Sayyidina Abubakar (RA) ya tanadi raƙuma biyu tun kafin ranar, aka ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, alhali a lokacin bai musulunta ba, ƙwarewarsa aka duba. Madina tana arewa amma suka yi kudu zuwa kogon Sauru suka kwana 3, Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, Nana Asma'u ta haɗa guzuri, Amir bin Fuhaira yana koro dabbobi suna taka sawu suna ɓatar da shi. Kowa da aikinsa da lokacinsa. Wanda ya yi wannan shi ne shugaban masu tawakkali (SAW), kuma shi ne ya ce da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Abin da da yawanmu ke kira tawakkali gaskiya kasala ce ta sa rawani.

Tambaya: Na ji ana cewa akwai na dogon zango akwai na gajere, yaya abin yake?

Amsa: Hawa uku ne. Na sama shi ne na shekara 3 zuwa 5, shi ke amsa manyan tambayoyi, za mu ci gaba da sari a hannun diloli ko za mu fara yin oda da kanmu daga Caina, za mu tsaya a yadi ko za mu ƙara da ɗinki. Na tsakiya na shekara guda ne, a nan kasafin kuɗi yake. Na ƙasa kuma na sati ne ko na yini, wa zai buɗe shago, wa zai je tasha ya yi lodi, wa zai bi bashi.

Inda abin yake da daɗi shi ne yadda suke riƙe da juna. Ɗauki ɗan Kwari mai yin oda. Kasuwarsa mafi girma ta azumi ce, azumi kuma duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, shekarun nan yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da masana'antun Caina suke rufewa don hutun sabuwar shekararsu wanda yake zuwa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, ma'aikata su watse ƙauyukansu makonni. Ka haɗa da kwanakin buga kaya, da sama da wata guda da kwantena take yi a ruwa, da kiliya a Legas, da hanyar mota zuwa Kano, sai ka ga wanda yake son kaya su sauka kafin Sha'aban dole tun wajen Maulidi ya biya kuɗin oda, ke nan tun kafin Maulidi ya tara kuɗin, ke nan tun bayan babbar sallah ya daina sakin bashi barkatai. Ka ga yadda shawarar shekara ta sauko har kan abin da yaron shago zai ce wa kwastoma ranar Talata. Wanda bai yi wannan lissafin ba kayansa sai su iso ana saura kwana 5 sallah, teloli sun daina karɓar ɗinki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: A ƙasar da farashi yake canzawa tsakanin safe da yamma, wane amfani tsari zai yi? Ba ɓata takarda ba ne?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙarfi kuma ba zan raina ta ba. A 2023 kaɗai, farkon shekara aka yi wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a Yuni aka saki naira, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati kafin Maris na 2024 ta wuce 1,500, ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe boda, kwastomomin Kwari da Dawanau na can suka ɗauke ƙafa. Ba wanda ya rubuta duk wannan a tsarinsa.

Amma ga bambancin da na gani da idona a makarantarmu. Mun yanka kuɗin makaranta da na motar ɗalibai kafin a cire tallafi, lissafin ya rushe gaba ɗaya, sai dai da yake a rubuce yake mun san lita nawa motar take sha a sati, nawa ne albashi, nawa ne alli da takarda, a zama ɗaya bayan isha'i muka sauya farashin lita a lissafin muka ga girman ramin, muka yanke a haɗe zuwa biyu na safe ya koma ɗaya, a dakatar da fentin da aka yi niyya, a kira iyaye a nuna musu alƙaluman ƙiri-ƙiri kafin a ƙara ko sisi. Sun yi ƙorafi amma sun biya. Mai tsari shi ma yana shan duka, sai dai ya san inda aka doke shi da wuri. Shi ya sa yanzu nake ce wa mutane su yi lissafi kala uku, in abu ya yi kyau, in ya tsaya yadda yake, in ya ɓaci, kuma su ware wani abu da ba a taɓawa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kwari ta 2022 sun isa su koya wa kowa kada ya tara duk kayansa a sito ɗaya.

Tambaya: Ni Hajiya ce mai gidan abinci da ma'aikata 12, ni kaɗai zan zauna in tsara ko da su?

Amsa: Hajiya alƙiblar taki ce, ke za ki ce ga inda muka nufa. Amma mai zuwa 'Yankaba sayen kayan miya ta fi ki sanin watan da tumatir yake tsada, mai kai abinci ofisoshi ya fi ki sanin wane kwastoma ne ya fara tsaki. Peter Drucker, wani masanin harkar shugabanci, tun 1954 ya kawo wannan maganar, cewa shugaba da na ƙasa da shi su zauna su yarda a kan abin da kowa zai cim ma, sannan a auna shi da wannan. Abin da mutum ya sa bakinsa a ciki yana jin kunyar ya bari ya faɗi, wanda aka ɗora masa kuwa "to Hajiya" zai ce ki juya baya ya ci gaba da yadda ya saba.

Tambaya: Me ya sa ƙungiyoyi suke kashe kuɗi a otal a rubuta tsari mai shafi 40 daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa?

Amsa: Yawanci kwafo shi aka yi daga na wasu, ko an jera abu 25 duk an ce muhimmai ne alhali kuɗin abu 3 ake da shi, taura biyu ma ba ta taunuwa balle 25. Sannan sai ka ga an rubuta "kwamiti zai duba", ba suna ba rana. Amma babban mai kashe tsari shi ne oga da kansa, shi zai fara zura hannu a kuɗin oda don bikin 'ya ko gudummawar siyasa ya ce zai mayar, yara suna kallo, daga ranar sun gane takardar ado ce.

Tambaya: Daga ina zan fara, ni da ban iya kwamfuta ba?

Amsa: Littafi mai bango mai kauri da biro sun isa. Shafin farko rubuta abin da kake da shi yau, kaya, kuɗi a banki da na hannu, wanda kake bi da wanda yake binka, da cikakken suna da adadi da kwanan wata, ba "saura 4" ba. Shafi na biyu abu 3 kacal da kake so kafin azumi mai zuwa, kowanne da kuɗinsa da sunan mai yi. Ka yanka wa kanka albashi don kuɗin cefane ya rabu da na shago, ka buɗe wa shagon asusunsa daban. Sai ka sa rana ɗaya a wata, bayan an rufe kasuwa, ku zauna da babban yaronka ko ɗanka ku buɗe littafin tare, kuma ka nuna masa durowar da kake ajiye shi da inda mukullin yake.