Makarantun Sakandare Masu Zaman Kansu a Katsina: Karatu da Zaman Ɗalibai

Makarantun sakandare masu zaman kansu, waɗanda jama'a suka fi kira makarantun kuɗi, su ne waɗanda wani mutum ko ƙungiya ko gidauniya ta kafa, ake tafiyar da su da kuɗin da iyayen yara ke biya. A Katsina da Daura da Funtuwa suna da yawa, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai wadda gidan haya ce mai ɗaki shida a cikin lungu, akwai mai fili da ɗakunan kwana da masallaci da ɗakin gwaje-gwaje. Wannan maƙala ta shafi ƙaramin rukuni ne daga cikinsu: masu tsananin karatu, waɗanda aka gina su don su kai yaro jami'a, galibi ta fannin kimiyya. Makarantar Ulul Albab da ke birnin Katsina na cikin sanannun wannan rukuni. Abin da ya bambanta su da sauran ba manhaja ba ce, domin manhajar ƙasa ɗaya ce ga kowa. Bambancin yana wajen yadda suke riƙe lokacin ɗalibi, tun daga kiran sallar asuba har zuwa kashe fitila.

Asali

Katsina ta san karatu mai tsanani tun kafin boko. Hasumiyar Gobarau da sunayen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani shaida ne kan haka. A zamanin Turawa kuma a nan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Makarantar kwana ce ta horar da malamai, wadda ake tsamo mata yara ƙalilan daga lardunan Arewa. Ahmadu Bello ya yi karatu a cikinta daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933, kuma ta yi suna wajen tsaftar Turancin ɗalibanta. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga can Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta a Katsina yanzu gidan tarihi ne.

Kwalejin ta gwamnati ce, amma tsarin da ta shuka, wato zaɓen ɗalibai ta jarrabawa, raba su gida-gida, naɗa firifet (shugabannin ɗalibai), firef (zaman bitar karatu) na dare da wasannin yamma, shi ne makarantun gwamnati suka gada, su kuma na kuɗi suka kwafa. Yaɗuwar na kuɗin ta zo ne bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, lokacin da ma'aikata suka ƙaru a babban birnin, azuzuwan gwamnati suka cika suka batse, iyaye masu hali suka fara neman inda za a san ɗansu da suna. Kafa Jami'ar Al-Qalam a 2005, da jami'ar jiha a 2006 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ya ƙara kusanto da burin digiri ƙofar gida.

Shiga da tsarin azuzuwa

Ana shiga ta jarrabawar da makarantar ke shiryawa da kanta, yawanci a lissafi da Turanci, wasu su ƙara da karatun Alƙur'ani da ganawar baki. Karatun shekara shida ne: uku a ƙaramar sakandare, waɗanda ake rufewa da jarrabawar BECE, uku a babba. Kowace shekara zango uku ce, daga Satumba zuwa Yuli. A mashigar babbar sakandare ake rabuwa zuwa kimiyya ko adabi ko kasuwanci, kuma a nan ake yawan samun saɓani tsakanin makaranta da gida, domin iyaye da yawa likita ko injiniya suka biya kuɗi a fitar musu, ko da yaron a fannin shari'a ko harsuna baiwarsa take. Wasu makarantun sun yanke wa kansu wannan rigima ta hanyar buɗe ajin kimiyya kaɗai.

Yinin ɗalibi

A makarantar kwana ana tashi kafin asuba. Bayan salla sai hadda ko tilawa har gari ya waye, sannan shara da wanka da karin kumallo, wanda bai cika wuce koko da ƙosai ko shayi da burodi ba. Daga asambili ake shiga aji wajen ƙarfe takwas, a yi darussa na minti arba'in-arba'in har zuwa azahar. Bayan abinci da ɗan kishingiɗa, la'asar na kawo darasin addini ko ƙarin lesin, sai wasa kaɗan kafin magariba. Bayan isha kuma firef: kowa a kujerarsa, ba magana, malami ko firifet yana zagayawa, mai gyangyaɗi a tashe shi tsaye. Wajen ƙarfe goma ake kashe wuta.

Wannan jadawali shi ne ainihin abin da iyaye ke saye. Yaron da ke jeka-ka-dawo yana da aike da kallon ƙwallo da waya da zaman majalisa. Na kwana an kwashe masa duk waɗannan an zuba karatu a gurbinsu. Yawancin makarantun sun haramta wayar hannu, kuma akan yi binciken akwatuna ba zato. Gwaji ba ya yankewa: na mako, na tsakiyar zango, sannan jarrabawar ƙarshe. Makin gwaje-gwajen nan yakan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin ɗari na sakamakon zango. A wasu makarantun ana liƙa sakamako a allon sanarwa da matsayin kowa, daga na ɗaya har na ƙarshe, kuma wanda ya gaza kai ma'aunin da aka gindaya yakan maimaita aji ko a shawarci iyayensa su sauya masa wuri. Wannan tankaɗe da rairaya yana da hannu a kyawun sakamakon da makarantun ke tallatawa, abin da ya kamata mai kwatanta su da na gwamnati ya riƙa tunawa, tunda ita ta gwamnati ba ta da damar korar mai rauni.

Yanayin garin ma yana shiga cikin lissafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos, daidai lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke cikin tsakiyar shiri, don haka makarantar da ba ta da sola ko janareta firef ɗinta na dare wahala ce zalla. A hunturu kuma wankan asuba ne abin gudu. Azumi yakan sa a rage awanni, kuma a 2025 Katsina na cikin jihohin da suka rufe makarantu a watan Ramadan, har da masu zaman kansu.

Jarrabawowin fita

Komai na babbar sakandare yana fuskantar ƙofofi uku. Ta farko jarrabawar WAEC, hukumar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952, wadda ake rubutawa wajen Mayu da Yuni. Ta biyu NECO, hukumar Nijeriya da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, wadda tata ke biyo baya a Yuni da Yuli. Ɗalibi yakan yi rajistar darussa takwas ko tara, ana ba da sakamako daga A1 zuwa F9, kuma C6 ne ƙarshen kiredit. Jami'a na neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, da kuma lissafi ga mai neman fannin kimiyya. Mai son likitanci sai ya haɗa da kimiyyar halittu da kemistiri da fizik. Makarantun da suka ba Larabci ƙarfi kan ƙara da jarrabawar NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci.

Ƙofa ta uku ita ce ta JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu da aka kafa a 1978. Tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin jarrabawarta: tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 a sauran darussa uku, jimillar maki 400. Ke nan kowace tambaya daƙiƙa arba'in take da ita, shi ya sa makarantun ke zaunar da yara gaban kwamfuta suna atisaye da agogo. Bayan ita akwai tantancewar da jami'o'i ke yi da kansu, wadda aka fara a 2005, kuma ƙa'idar shekarun shiga jami'a 16 ce. Ga kwasa-kwasan da ake rububi, kamar likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, cin jarrabawa kawai ba ya wadatarwa. Sai maki ya yi sama sosai.

Saboda haka ajin ƙarshe kusan ba a koyar da sabon abu a cikinsa. Ana ƙoƙarin gama manhaja tun a aji biyar, a riƙe yaran a dogon hutu, sannan a shiga bitar tambayoyin shekarun baya da jarrabawar gwaji da ake kira mok. A ɗakin gwaje-gwaje za ka tarar da ɗalibi ya sunkuya, idonsa daidai da layin bututun awo, yana sakin asid ɗigo-ɗigo cikin kwalba yana jujjuya ta, yana jiran ɗigon da zai sauya launin ruwan daga rawaya zuwa ruwan lemo. Zai maimaita har sau uku sai alƙaluman sun yi kusa da juna, ya rubuta su a jadawali da lamba biyu bayan ɗigo, domin ko wannan akwai makinsa. Yaron da ya taɓa waɗannan kaya da hannunsa sau da yawa ya sha gaban wanda sai ranar jarrabawa ya fara ganinsu, kuma nan ne kuɗin makaranta ke nuna amfaninsa a fili.

Illar tsarin kuma ba ɓoyayya ba ce. Bitar tsofaffin tambayoyi tana koyar da gane salon mai tambaya fiye da gane ilimin, kuma ana samun mai A1 da yake kasa bayanin abin da ya haddace da kalmominsa idan ya shiga jami'a. Akwai kuma wuraren da suka fake da sunan makarantar kuɗi alhali sana'arsu satar amsa ce, waɗanda hukumomin jarrabawa kan soke wa rajista idan an kama su. Makarantun kirki su suka fi cutuwa da wannan, domin yana sa a yi wa sahihin sakamako kallon zargi.

Alƙur'ani, Turanci da Hausa

Abin da ya fi jan iyayen Katsina zuwa waɗannan makarantu shi ne alkawarin haɗa boko da addini a inuwa ɗaya, yaro ya fita da kiredit da kuma izu masu yawa a ka, wani ma da sauka. Ana karantar da tajwidi da hadisi da fiƙihu da Larabci, yawanci da ruwayar Hafs, saɓanin Warsh da tsangayu suka saba da ita. Zaƙaƙurai kan shiga musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya matakinta na ƙasa tun 1986. Hadda na son maimaici kullum, kimiyya ma haka, don haka a ajin ƙarshe sau da yawa ɗaya ce ke sassauta wa ɗaya, kuma galibi haddar ce ke jira.

Hausa kuwa ita ke kwana a ciki. Makarantu da dama suna hukunta mai magana da ita a harabar aji, da tara ko shara, don a tilasta Turanci ya zauna a baki. Dalilin a bayyane yake, tunda faɗuwa Turanci kaɗai ta isa ta hana yaro jami'a. Sai dai sakamakon shi ne Bakatsine mai shekara 17 da zai rubuta maka tsararren insha'i da Turanci amma ya kasa bambanta ƙ da k a rubutun harshensa, duk da cewa Hausa darasi ce da WAEC da NECO ke jarrabawa.

Zaman ɗakin kwana

Maza da mata a rabe suke, ko dai makaranta daban ko sashe daban. Ana raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da launinsa da malamin da ke kula da shi, kuma gasar wasanni tsakanin gidaje ita ce babban bikin shekara tare da ranar yaye ɗalibai. Mulkin yau da kullum na hannun hedboi ko hedgel da firifet-firifet: na abinci, na tsafta, na masallaci, na lokaci mai riƙe da ƙararrawa. Tsakanin siniya da juniya akwai tsohuwar al'adar aike da ɗibar ruwa da wanki. Makarantun kuɗi sun fi matsa mata lamba saboda iyayen da ke biya ba sa haƙuri da dukan 'ya'yansu, amma ba ta mutu ba.

Abincin rana da dare bai wuce shinkafa da wake, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, da taliya ba. Gibin da ya rage akwatin ɗalibi ke cike shi: garin kwaki, sukari, madara, ƙuli-ƙuli, yaji, dambun nama ga wanda gidansu ke da hali. Ranar ziyara harabar takan cika da motoci da tabarmi da kuloli, kuma yaron da nasa ba su samu zuwa ba ba ya rasa wanda zai ce masa ya matso a ci. Ƙungiyoyin muhawara da kacici-kacici da na 'yan jarida da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, su ne wuraren da ɗalibi ke koyon tsayawa gaban jama'a.

Malamai, kuɗi da tsaro

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, tare da rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, amma manyan azuzuwa masu digiri ke riƙe su. Ana sa wa malami ido sosai, ana duba shirin darasinsa da littattafan da ya yi wa maki, sai dai aikin ba shi da tabbas irin na gwamnati, don haka ƙwararren malamin lissafi ko fizik yakan tafi da zarar ya samu gurbi mai fansho. Kuɗin makaranta ya tashi sosai bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, musamman a na kwana inda abinci da dizal ke cin kaso mafi girma, abin da ya sa wasu iyaye suka mayar da 'ya'yansu jeka-ka-dawo.

Tsaro ma ya sauya lissafi. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. Tun daga nan katanga da masu gadi da kusanci da gari suka shiga sahun tambayoyin farko da uba ke yi kafin ya biya kuɗin fom, kuma iyalai daga ƙananan hukumomin da ke bakin daji, irin su Batsari da Jibiya da Safana, sun ƙara karkata ga makarantun cikin birnin Katsina.