Yaɗuwar Turancin Ingilishi a Duniya

Turancin Ingilishi shi ne harshen da ya fi kowanne yawan masu jin sa a duniya. An ƙiyasta su kimanin biliyan ɗaya da rabi, amma waɗanda suka buɗe baki da shi tun a gida ba su wuce miliyan 400 ba. Sauran duk koyon sa suka yi, a aji ko kasuwa ko wurin aiki.

Asalinsa yaren wasu ƙabilu ne da suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, aka bar wa talakawa Ingilishi.

Ba sauƙi ne ya yaɗa shi ba, domin ko rubutunsa bai cika bin lafazinsa ba. Jirgin ruwa da fatauci da bindiga ne suka kai shi nesa. A 1600 aka kafa kamfanin Ingilawa mai ciniki da Indiya, a 1607 suka kafa zango a Jamestown ta Amurka, a 1788 kuma suka sauka Ostareliya. A Indiya, shawarar da Thomas Macaulay, wani jami'in mulkin Ingila, ya rubuta a 1835 ta sa gwamnati ta karkata kuɗin ilimi zuwa karatu da Ingilishi, don a samu 'yan ƙasa da za su tsaya tsakanin masu mulki da talakawa. Duk inda aka je labarin kusan ɗaya ne: mai Turanci shi ke samun aikin akawu da albashi.

Daular Birtaniya ta watse bayan Yaƙin Duniya na Biyu, harshen bai bi ta ba, saboda Amurka ta riga ta karɓi ragama da dalarta da finafinanta da binciken kimiyya, daga baya kuma kwamfuta da intanet. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma da shi matuƙan jiragen sama na ƙasa da ƙasa ke magana da hasumiyar filin jirgi. Ƙasashe irin su Najeriya da Gana, masu harsuna barkatai, sun riƙe shi bayan 'yanci don gudun rigimar fifita yaren wata ƙabila. Ruwanda, wadda Ingila ba ta mulka ba, ta mayar da karatu zuwa Ingilishi a 2008.

A ƙasar Hausa ya shigo ne a makare, kuma ta ƙofar boko: makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina. Harshen ya bar mana tebur da mota da asibiti da likita, yayin da Bahaushen Maraɗi ke cewa lakwal da mushe, wato makaranta da malami, aron Faransanci. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki.

Yanzu Ingila ba ta da iko da shi. Indiya da Singafo da Jamaika kowace da irin nata, ga kuma Broka a Afirka ta Yamma, wadda BBC ta buɗe wa sashe a 2017. A 2020 ƙamus na Oxford ya karɓi kalmomin Najeriya, ciki har da okada da danfo da Kannywood.